Yadda Na Raba Sensar Danshin Ƙasa Da Hayaniyar Lantarki

Da safe na fito na tarar ruwa ya kwanta a fangali har yana malala ta gefe, tankin da na cika jiya da yamma ya ƙare ƙaf, famfo kuma yana ta gunji a bushe. Na buɗe abin da Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da ke karanta sensar danshin ƙasa ya kunna famfon ban ruwa, ya rubuta cikin dare. Kafin famfon ya tashi, sensa tana cewa 452. Daƙiƙar da ya tashi ta koma 495. A irin wannan sensar, lamba in ta hau, bushewa ke nan. Na tsara famfon ya tsaya in lamba ta sauko 350, ƙasar nan kuwa ko ta zama taɓo ba ta yin ƙasa da 320. Ɗora 43 na ƙarya a kai, ka samu 363. Wato muddin famfon yana aiki, ba ranar da sensar za ta ce ya isa.

Kwana uku na yi ina zargin firogiram. Na sa shi ya karanta sau ɗari ya ɗauki matsakaici. Lambar ta daina rawa, ta yi kyau a ido, amma da famfo ya tashi sai ta sake hawa da 43 ɗinta cif, wannan karon cikin natsuwa. Kitso na yi a kan ƙwarƙwata. Hayaniyar lantarki ba daga sama take faɗowa ba, tana da hanyar da take bi ta shigo: ko ta wayar wuta, ko ta wayar nagetif, ko ta jikin dogon kebul, ko ma ta cikin ƙasar shukar kanta. Ka gano hanyar kafin ka sayi komai, kafin ma ka taɓa firogiram.

Wani abu tun kafin mu yi nisa. Wayar da aka rubuta wa GND a allo, nagetif zan riƙa kiranta, kamar yadda masu gyara ke yi. In na ce ƙasa, to ƙasar shuka nake nufi.

Dalilin da sensar ke jin komai

Sensar da yawancinmu muke farawa da ita iri biyu ce. Akwai mai ƙafa biyu na ƙarfe, wadda ke tura wuta ta cikin ƙasa ta ga yadda take wucewa. Ita tsatsa ke cinye ta cikin 'yan makonni in aka bar ta a kunne, gishirin taki kuma yana ruɗa ta. Sai kuma doguwar baƙar nan mai kama da wuƙa, wadda aka rubuta v1.2 a jikinta, da ba ta taɓa ƙasa da ƙarfe tsirara. Ita nake amfani da ita, a kanta zan fi tsayawa.

Aikinta ya ta'allaƙa ne a kan bambanci guda. Ma'aunin yadda abu ke riƙe cajin lantarki a iska 1 ne, a busasshiyar ƙasa tsakanin 3 zuwa 5, a ruwa kuwa kusan 80. Saboda haka ruwa kaɗan ya isa ya sauya lissafi. Ƙaramin guntun lantarki mai lamba 555 da ke saman allon sensar yana kaɗawa kusan sau miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa, ƙasar da ke kewaye da wuƙar tana shanye wani ɓangare na kaɗawar gwargwadon ruwanta, abin da ya rage ya bi ta dayod, mai barin wuta ta wuce gefe ɗaya kawai, ya taru a kafasita 1µF, wato ma'ajiyar caji, da rezista 1M a gefenta. Daga nan kai tsaye aka jawo wayar sigina. Babu abin da ke ƙara mata ƙarfi. Murya ce ta raɗa, ita kake so ta bi waya mita goma ta wuce kusa da famfo ta iso lafiya.

A ɗaya ɓangaren, Arduino Uno yana raba bolt 5 gida 1024, kowane mataki milibolt 4.9. Sensata tana ba da 590 a iska, 280 a cikin ruwa. Duniyarta gaba ɗaya matakai 310 ce, wajen bolt ɗaya da rabi. Kuskuren bolt 0.2 kacal ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin takwas na ma'aunin.

Gwaji kafin gyara

Fara da cire duk wata tacewa daga firogiram. Sa shi ya riƙa fitar da ɗanyar lamba sau goma a daƙiƙa, ka buɗe zanen da manhajar Arduino ke nunawa, ka zauna ka kalla na minti biyar. Sannan ka kunna famfo ka kashe, ka kunna fitila, ka cire cajar sola, ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta lokacin. Siffar layin za ta gaya maka da yawa. In tsalle ɗaya ne mai tsini daidai lokacin da rile, makunnin da allo ke kunna famfo da shi, ya yi ƙas, to tartsatsin kashewa ne. In layin ya hau ya zauna muddin famfo na aiki, kamar nawa, to nagetif ne ko wutar da ta faɗi. In yana lilo a hankali sama da ƙasa kamar numfashi, yawanci wutar gida ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ko 60 a ƙasashe irin su Amurka, take haɗuwa da saurin karatunka. In kuma gashi-gashi ne ba tsari, dubi caja, inbata, ko Wi-Fi.

Gwajin da ya fi kowanne amfani gare ni shi ne sensar ƙarya. Ɗauki rezista biyu masu 10k, ka jona su a jere tsakanin wuta da nagetif, ka fitar da waya daga tsakiyarsu. Cire sensar gaskiya, ka maƙala wannan a gurbinta, can ƙarshen kebul. Rezista ba ta san ruwa ba, ba ta san rana ba, dole lambarta ta tsaya wuri ɗaya. In ta motsa da ka kunna famfo, sensarka ba ta da laifi, laifin yana waya ko wuta. In ta tsaya cak, to matsalar a jikin sensar take, ko a ƙasar da ta shiga. Ka dai sani, wannan rezistar ta fi sensar gaskiya ƙarfin murya, don haka ba za ta ɗauki hayaniyar da ke shiga ta jikin kebul sosai kamar ta ba. In kana son ta yi kama da ita, sa masu 100k.

Na biyu, batir. Cire caja da komai, har da kebul ɗin USB da ke zuwa kwamfuta, ka kunna allon da batir kaɗai, ka ajiye lambobin a katin ajiya. In hayaniya ta ɓace, ka kama ɓarawo.

Na uku, ka cika kwalba da ƙasa mai danshi, ka soka sensar, ka rufe bakin da leda sosai, ka ajiye a inuwa. Danshin ciki ba ya zuwa ko'ina. Duk motsin da ka gani a lamba cikin kwana biyu ba na ruwa ba ne.

Nagetif da famfo

A nan gizona yake saƙa. Famfona na bolt 12 ne, yana jan wajen amfiya ɗaya da rabi. Don in rage waya, sai na haɗa nagetif ɗinsa da na sensa a kusa da fangali, suka biyo waya ɗaya siririya suka dawo akwati. A takarda wannan daidai ne, ai nagetif nagetif ne. A zahiri kowace waya tana da 'yar turjiyarta. Tawa, da mahaɗanta biyu da na murɗa da hannu, ta kai om 0.14. Amfiya ɗaya da rabi ta bi ta om 0.14, ka samu bolt 0.21. Raba da milibolt 4.9: matakai 43. Ranar da lissafin nan ya fito daidai da abin da na gani a rubuce, dariya na yi ni kaɗai a lambu.

Abin da ke faruwa shi ne, famfon yana ɗaga nagetif ɗin sensa sama da na Arduino, sensar kuma tana auna siginarta ne daga nata nagetif ɗin. Za ka iya gani da idonka. Saita mitar awon wuta a milibolt, ka ɗora baki ɗaya a nagetif ɗin sensa, ɗaya a na allo, ka kunna famfo. Abin da ya kamata ka gani sifili ne ko kusa da shi.

Maganin ba ya cin komai sai waya. Kowane mai cin wuta ya samu nasa nagetif ɗin, duka su haɗu a wuri ɗaya tak, a bakin batir ko bakin abin da ke ba da wuta. Famfo da wayarsa mai kauri, allo da tasa, sensa kuma ta dawo allo kai tsaye ba tare da ta raba hanya da kowa ba. Mahaɗa kuma a yi musu solda ko a ɗaure su da sukurori. Murɗa waya a naɗe da tef yana aiki wata ɗaya, raɓa ta shiga, turjiya ta ninka.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwon a Uno. Ma'aunin da yake gwada sigina da shi, in ba ka sauya ba, wutarsa ce ta bolt 5. In rile ko famfo suka ja wutar ta faɗo 4.7, ma'aunin ya gajarce, sai kowace lamba ta hau da kusan kashi shida cikin ɗari, alhali sensar da ke da nata mai daidaita wuta ba ta motsa ba. Nan ma ƙaryar bushewa ce. Don haka ban yarda famfo ya sha daga inda allo ke sha ba. In batir ɗaya gare ka, to allon ya samu nasa mai sauke wuta, da kafasita 470µF a bakinsa.

Sai tartsatsi. Duk abin da ke da naɗin waya a ciki, famfo, bawul na lantarki, rile, idan aka yanke masa wuta yakan mayar da martani da bugun da ya ninka wutarsa sau da yawa. Dayod 1N4007 a bakin wayoyinsa biyu, gefen da ke da zobe yana kallon fozitif, ita ke shanye bugun. A jikin famfon za ka sa ta, ba a cikin akwati ba, domin in ta yi nisa wayar da ke tsakani ta zama eriya. In famfon mai burushi ne, ƙara kafasita 100nF, 'yar ƙaramar nan da aka rubuta 104, a kan bakinsa. Allon rile mai ɗauke da optokofla, abin da ke raba wutar rile da ta allo, yakan zo da wata 'yar gada da aka rubuta JD-VCC. Muddin gadar tana nan, rabuwar da aka yi alkawari ba ta samu ba. Cire ta, ka ba wa naɗin rile wutarsa daban.

In famfonka na wutar gida ne, dayod ba ta shiga nan. Ana sa rezista om 100 da kafasita 100nF mai alamar X2 a jere, a kan bakin rile. Kashe wuta daga tushe kafin ka taɓa, in kuma ba sana'arka ba ce, kira mai ita.

Wuta mai tsabta

Wata caja da na tsinta a akwatin tarkace ita ta ba ni wahala ta biyu. Babu suna a jikinta, nauyinta kamar fanko. Da ita lamba tana rawa matakai goma sha biyar, da batir matakai biyu. Irin waɗannan cajojin suna datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, masu arha kuma ba sa tace abin da ya biyo baya. Ban da haka, akwai 'yar wutar da ke yoyo daga ɓangaren gida zuwa nagetif, tana neman hanyar komawa doron ƙasa. Ga kuma sensarka a soke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ita ce hanyar. Alamarsa, lamba takan sauya in ka taɓa kebul da hannu ko ka jona kwamfuta. Na canja caja mai kyau, rabin rawar ta tafi.

Mai cajin sola irin PWM, fitilun LED na shuka, da na'urar sarrafa gudun babban famfo duk dangi ɗaya ne. Ka nisanta akwatinka da su. Zoben ferit a kan wayar wuta, an zagaya sau biyu ko uku, yana rage gashi-gashin, amma kada ka sa ran zai taɓa lilon wutar gida.

A can ƙarshen kebul, daidai ƙafar sensa, ina sa kafasita biyu tsakanin wuta da nagetif: 104 ɗaya, da 10µF ɗaya. Kuma duba bayan allon sensar. In akwai 'yar ƙwaya mai ƙafa uku da aka rubuta 662K, mai daidaita wuta ce zuwa bolt 3.3, to ba ta bolt 5. In ka ba ta 3.3 ba ta da rarar da za ta yi aiki da ita, duk dattin da ya shigo haka zai wuce.

Kebul

'Yar wayar da ke zuwa tare da sensa ko taku ɗaya ba ta kai ba, kowa ƙari yake yi. Ni da farko wayoyi uku na ja a sake, na ɗaure su tare da wayar famfo da igiyar roba don su yi kyau. Kyan nan shi ya kashe ni. Wayoyi biyu da suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa suna raɗa wa juna, tsawon tafiyar yawan raɗar.

Yanzu kebul ɗin intanet nake amfani da shi, Cat5e. Wayoyi takwas ne a ciki, an tufka su bibbiyu. Tufkar ba ado ba ce: abin da maganaɗisu ya zuba a murɗa ɗaya, murɗa ta gaba takan warware shi. Sai dai sharaɗin shi ne sigina ta tafi da nagetif ɗinta a tufka ɗaya. Ni koriya ce sigina, fara mai ratsin kore nagetif. Shuɗiya wuta, fara mai ratsin shuɗi nagetif. In ka sa sigina a tufka ɗaya, nagetif a wata, tufka da warwara ka yi. Sauran wayoyin da ba ka amfani da su kada su zauna a sake, haɗa su da nagetif a ɓangaren allo.

Kebul mai sulke, wato wanda aka naɗe cikinsa da takardar alminiyam ko ragar tagulla, yana kare hayaniyar da tufka ba ta kamawa. Jona sulken da nagetif a ɓangaren allo kaɗai. A ɓangaren sensa ka yanke shi, ka rufe da roba kada ya taɓa ƙasa. In ka jona bakin biyu, ko ka bari ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka buɗe wa wuta sabuwar hanya ta cikin abin da ka sa don kariya.

Tsakanin kebul ɗin sensa da wayar famfo ina barin aƙalla santimita 30. Inda dole su haɗu, su gitta juna a miƙe, kada su jera. Ragowar kebul kuma a yanke, kada a naɗe shi gammo a ajiye kusa da inbata. Kebul ɗin cikin gida ba ya jure rana, shekara ɗaya rigarsa ta fara tsagewa, don haka ina zura shi cikin bututun roba.

A bakin allo kuma sai 'yar matata: rezista 10k a jere da sigina, kafasita daga ƙafar allo zuwa nagetif. Da 104, matatar tana fara yanka daga wajen 160 Hz, wato juyawa 160 a daƙiƙa, tana kama gashi-gashi amma wutar gida na wucewa. Da 1µF, wadda aka rubuta 105, yankan yana farawa daga 16 Hz, lilon 50 Hz ya ragu zuwa kusan sulusi. Danshin ƙasa awa yake ɗauka kafin ya sauya, don haka ba abin da ka rasa. Ka sa ta yumɓu, kada ka sa mai ruwa irin ta gwangwani, domin tana yoyo, kuma a gaban rezista 1M yoyon nan yana taɓa lamba. Ka kuma sake auna iyakokin iska da ruwa bayan ka ƙara duk wani abu a layin.

Da kebul ya wuce mita goma, na daina kokawa da shi. Gara a juya sigina zuwa lamba tun a bakin fangali. ADS1115 ƙaramin allo ne mai ma'aunin kansa a ciki, ba ruwansa da faɗuwar wuta, kuma yana iya auna bambancin ƙafa biyu. Sai ka kai sigina A0, ka jawo wata waya daban daga nagetif ɗin sensa zuwa A1, wayar da ba ta ɗauke da wutar kowa. Da na san wannan tun farko da tankina bai ƙare ba. Ka saita shi a karatu 8 a daƙiƙa maimakon 860 da yake iyawa, ya fi natsuwa nesa ba kusa ba.

Sai dai ADS1115 da wata hanyar aika saƙo mai suna I2C yake magana, ita kuwa Philips ta ƙirƙiro ta ne a 1982 don guntayen da ke allo ɗaya. Mita ɗaya ko biyu ta gaji. Tafiya mai nisa ta RS-485 ce, wadda ke aika saƙo a tufka ɗaya ta hanyar bambancin wayoyin biyu, tana iya kaiwa mita 1200 in ba a matsa mata gudu ba, da rezista om 120 a kowane ƙarshe. Sensoshin gona na ƙwararru da yawa da ita suke zuwa, ko da SDI-12. In kebul zai yi nisa a fili, ƙara dayod ɗin TVS, mai shanye bugun wuta, a bakinsa, domin tsawa ba sai ta faɗo kanka take ƙona allo ba.

Daga baya na koma ESP32, wani allo mai Wi-Fi, don in riƙa ganin lambobin a wayar salula, sai na tarar da nasa halin. Ƙafafunsa na awo rukuni biyu ne, ADC1 da ADC2; na ADC2 ba sa karatu muddin Wi-Fi na kunne, saboda haka ka tsaya a ADC1, daga GPIO32 zuwa 39. Duk sanda ya aika saƙo yakan fizgi wuta sama da miliamfiya 200 a take, lamba ta yi tsalle. Karanta tukuna, sannan ka kunna rediyon ka aika. Lissafinsa kuma yana karkacewa daga wajen bolt 2.5 zuwa sama, inda busasshiyar ƙasa take zama. Shi ya sa ko da shi ɗin ADS1115 nake bari ya yi awo.

Ranar da na soka sensa ta biyu a tukunya ɗaya da ta farko, duka biyun suka fara lilo. Kowacce tana kaɗawa da nata gudun, ba su daidaita ba, ƙasar da ke tsakaninsu kuma tana kai gulma. Masu ƙafar ƙarfe sun fi muni, wutar wannan takan bi ta ƙasa ta koma ta ƙafar waccan. Magani shi ne a kunna su ɗaya bayan ɗaya. Sensar v1.2 miliamfiya biyar take ci ko kusa da haka, ƙafar Uno ɗaya ta isa ta ciyar da ita. Kunna, jira daƙiƙa ɗaya ta zauna, karanta, kashe, wuce ta gaba. Fozitif za ka riƙa yankewa, ba nagetif ba. In ka yanke nagetif, wuta za ta nemi hanya ta wayar sigina.

Yanzu ne lokacin firogiram

Bayan waya ta gyaru, tacewa tana da amfani. Dabara mafi sauƙi ita ce kada ka yi awo lokacin da famfo ke aiki. Ba da ruwa na minti biyu, kashe, jira minti goma ruwa ya ratsa, sannan ka tambayi sensa. Ko babu hayaniya wannan ya fi, domin ruwa ba ya isa wuƙar nan take.

Wajen karatun, ina ɗaukar samfuri 50, tazarar milidaƙiƙa 2 tsakaninsu, jimilla milidaƙiƙa 100. Ba haka kawai na zaɓi 100 ba: zagaye biyar ne cif na wutar 50 Hz, shida cif na 60 Hz, hawa da sauka su cinye juna a matsakaici. Ina maimaita haka sau tara, in jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, in ɗauki na biyar. Na tsakiya ya fi matsakaici maganin tsalle. In takwas sun ce 400, ɗaya ya ce 1000, matsakaici zai ce 467, na tsakiya ya ce 400. Wanda ke kusa da shingen dabbobi mai wuta, da ke bugawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, zai ga amfanin wannan tun ranar farko.

Iyakar kunnawa da ta kashewa su zama daban, da tazara mai kyau tsakaninsu. Kuma a sa wa famfo dokar da ba ta sauraron sensa: kada ya wuce minti kaza a tashi ɗaya, kada ya wuce sau kaza a yini. In lamba ta fita daga tsakanin ta iska da ta ruwa, waya ce ta tsinke, a kashe famfo a kira ka.

Bayan duk wannan, rawar lambata ta tsaya a mataki biyu zuwa uku, famfo na aiki ko ba ya aiki. Amma a kwalbar gwaji na ci gaba da ganin layi yana gocewa 'yan matakai da rana, ya dawo da dare. Na kusa sake kwance kebul. Ashe zafi ne: ruwa kansa yana sauya yadda yake riƙe caji in ya ɗumama, dayod da guntun da ke saman allo ma haka, ga su kuma a rana. Na kifa musu farin murfi, na kuma koma gwada lambar asuba da ta asubar jiya kawai. Taki ma yana motsa lamba, domin sensa mai kaɗawa a hankali irin wannan tana jin gishiri. Shi ya sa sensoshin ƙwararru irin EC-5 suke aiki a 70 MHz, wato kaɗawa sau miliyan 70 a daƙiƙa.

Wata sensar kuma ta riƙa cewa ƙasa na ƙara jiƙewa mako bayan mako. Da na zare ta, gefen allon ya kumbura ya yi fari, ruwa ya bi ta inda aka yanka shi ya shige. Yanzu kafin sabuwa ta shiga ƙasa ina shafe gefunanta da efoksi, in rufe samanta da robar da ke tsukewa da zafi. Ina kuma duba abu biyu da gilashin ƙara girma. Na farko rubutun kan guntu: TLC555 yana aiki a bolt 3.3, NE555 kuwa sai 4.5 zuwa sama, kuma akan samu alluna ɗauke da shi. Na biyu rezista 1M ɗin nan, a wasu allunan ƙafarta ɗaya ba ta isa nagetif ba. Za ka gane ta da ka tsoma sensar a ruwa: maimakon lamba ta faɗo cikin 'yan daƙiƙu, sai ta riƙa jan ƙafa. Ɗan guntun waya daga wannan ƙafar zuwa nagetif da ɗigon solda ya isa. Cikin biyar da na saya a tashi ɗaya, biyu sai da na yi musu haka.